Rasuwar Buzuzu, Mai Kai Muryar Jitar Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunne mai cike da hayaniyar da ake ta yi a falo tun da gari ya waye, iyalan gidan nan ke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa rausaya kai don kiɗan Auta, rasuwar Buzuzu. Ya cika jiya da hantsi, a kan benci a ɗakin gwajin kiɗa, bayan jinyar da ta fi ciwon nasa tsanani. Allah ya ba mai shi haƙuri, mu kuma ya ba mu na zama da mai shi.

A yi mana afuwa in rubutun ya karkace. Ana yin sa ne matar Auta na tsaye a bakin kicin da ludayi a hannu, tana gaya wa Mai Ganga cewa shi ya kashe shi, kuma a gaban kowa za ta maimaita. Shi kuma yana ta rantsuwa, wai taimako ya je yi, da ya san haka za ta kasance da ya yi zamansa a gida. Ta ce da ya yi zaman da an huta. Ya ce ita da ta shanya marigayin a rana kamar wanki fa, wa ya tuhume ta? Babban Yaya na kan kujerar da ta fi kowacce laushi, yana cewa a yi haƙuri, kwana ne ya ƙare, ba a faɗa a gidan makoki. Auta dai na zaune a ƙasa ya jingina da bango, gawar na tafin hannunsa. Shayin da aka ajiye masa ya huce har ya yi yana a sama.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, ɗan ƙaramin abu ne baƙi, bai fi babban yatsa ba, da ɗan ƙarfe a gaba wanda ake cusawa a bakin jita. Aikinsa ya ɗauki muryar jita ya jefa ta cikin iska, ba igiya ba waya, ɗan'uwansa da ke can maƙale a jikin amfilifaya ya cafe, sifika ta isar wa jama'a. Cikin kwali ɗaya suka zo su biyun. Sunan da kamfani ya sa musu na nan a jikin kwalin, ba mai iya faɗar sa a gidan nan. Mu muka raɗa masa Buzuzu, don yadda yake liƙewa a gindin jita, baƙi wuluk, ba ya motsi. Ɗan'uwan nasa kuma muka ce Kunne, tunda saurare ne kawai sana'arsa.

Ba za a san girman rashin ba sai an san yadda ake kafin zuwansa. Auta ya daɗe yana kaɗa jita a ƙungiyar yayansa. Babban Yaya shi ya kafa ƙungiyar, shi ke fiyano, shi ke waƙa, shi ke tsakiyar dandamali, shi ke gaisawa da masu taro kafin a fara da bayan an tashi. Auta na can baya, tsakanin sifika da labule, ɗaure da igiyar da ta haɗa jitarsa da amfilifaya, wadda in ya yi taku ya wuce iyaka sai ta fizge, a ji ɓuuu a ko'ina cikin zauren, Yaya ya waiwayo ya watsa masa harara. Akwai mutanen da suka tsufa suna jin kiɗansa ba su san fuskarsa ba. Wata mata ta taɓa miƙa masa faranti ya kai kicin, ta ɗauka ma'aikacin zauren ne. Ya karɓa ya kai.

Ranar da Buzuzu ya shigo gidan nan, a falon nan aka gwada shi. Auta ya cusa shi a bakin tsohuwar jitarsa, ya danna, aka ji ɗin, 'yar koriyar fitila ta kama. Ya kaɗa, falo ya amsa. Ya yi taku zuwa bakin ƙofa yana waiwayen bayansa, kamar mai jiran a fizgo shi. Ba abin da ya fizgo shi. Ya shiga kicin yana kiɗa, ya zagaya bayan matarsa, ya fito ya bi ta baranda, ya sauka matakala. Da muka leƙa ta taga sai ga shi a bakin titi ba takalmi, yana kiɗa, muryar kuma na fitowa daga falo inda ba kowa sai mu. Mutum ne mai furfura a gemu, amma ranar haƙoransa duk a waje suke.

Marigayin ya yi zama da mutane lafiya. Ba shi da ci. In aka ba shi wuta da rana, ya ƙoshi har a tashi daga taro. Ba ya ƙara wa magana gishiri, abin da jita ta ce shi yake kaiwa, wanda ba kowa ke iyawa ba a gidan nan. Ya sha gumi, ya sha ƙura, ya taɓa faɗowa daga aljihu a kan siminti ya tashi bai yi ƙorafi ba. Albarkacinsa Auta ya fara sauka daga dandamali. Yakan ratsa tsakanin tebura, ya tsaya gaban tsohuwa ya kaɗa mata har sai ta ajiye sanda ta miƙe, ya durƙusa gaban yara su taɓa tsirkiya. Masu taro suka fara tambaya kafin su ba da aiki, ko mai yawon nan zai zo. Ba gulma ba, hotuna na nan. Duk wanda ya duba na tarurrukan baya-bayan nan zai ga ƙeyoyin jama'a ne ke kallon dandamali.

Gaskiya ɗaya ce, ko a kan mamaci, yana da nasa halin. Ba ya ga maciji da akwatin intanet. In aka ajiye Kunne kusa da shi, sai Buzuzu ya kama i'ina, kit, kit, kit, ya haɗiye rabin waƙa. Ba ya son ginshiƙi ya shiga tsakaninsa da ɗan'uwansa, ba ya son zauren da kowa ya ɗaga waya a lokaci guda. Amma Auta ya san lagonsa. Yakan canja musu tasha, ya ɗora Kunne a kan kujera yadda za su riƙa hango juna, shi ke nan a shirya. In yunwa ta kama shi, fitilar kan koma ja, ya yi tsit da ladabi, bai taɓa kururuwa a gaban baƙi ba.

Ciwon ajali ya fara ne ranar farin ciki. Babban Yaya ya tara 'yan ƙungiya da iyali a ɗakin gwaji, ya yi jawabi a kan zumunci, ya ce ƙaninsa ya wuce riƙe tsohuwar jita mai ɓawo a wuya. Ya buɗe jaka ya fito da sabuwa, ja, sai ɗaukar ido take, irin mai batir nata na kanta a ciki. Aka tafa. Auta ya sunkuyar da kai ya yi godiya. A ranar Yaya ya ɗauke tsohuwar, ya sa aka cire mata tsirkiya, ya rataye ta a bangon ofishinsa, wai don tarihi.

Aka cusa Buzuzu a bakin sabuwa. Ya ce ɗin kamar kullum, fitilarsa koriya, ta Kunne ma koriya. Auta ya kaɗa. Abin da ya fito ziiii ne, siriri, kamar sauro a kunnen mai barci. Ya sake kaɗawa, sai shiru. Aka zare shi aka sa igiya, sai ga jita na magana garau. Yaya ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce tsufa ne, waɗannan ƙananan abubuwa ba su da tsawon rai, a yi amfani da igiya kafin a ga abin da Allah zai yi.

Daga nan jinya ta tashi. Auta ya bi tashoshin nan ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya sake bi. Ya kashe akwatin intanet har sai da maƙwabcinmu da ke sata a jikinsa ya zo tambaya ko lafiya. Ya kashe firij, nama ya narke. Ya danne maɓallan su biyun tare har suka yi ƙifce, suka sake gane juna, ya gwada, ziiii. Ya goge ƙarfen da auduga. Ya canja wa jitar batir, ya sake canjawa. Matarsa ta ce sanyi ne ya shige shi, ta shanya shi a kan taga. Wata maƙwabciya ta ce a binne shi cikin ɗanyar shinkafa, aka binne, aka tono. Mai Ganga, da yake duka ne abin da ya iya, ya ce a ɗan buga shi a tafin hannu, aka buga. Kowa ya kawo nasa maganin, marigayin ya sha duka bai ƙi ba.

Magani ɗaya ne ba wanda ya ambata, shi ne a gwada shi a jikin wata jitar. Ga ta mai kaɗa babbar jita nan jingine a kusurwa kullum, miƙa hannu kawai za a yi. Kowa ya tuna, kowa ya haɗiye. Domin in Buzuzu ya yi magana a can, to an ce kyautar Babban Yaya ce mai aibu ke nan, kyautar da aka yi wa jawabi, aka tafa mata. A gidan nan gara a ce lafiyayye ba shi da lafiya da a ce wa Yaya haka. Auta da kansa ya sha kallon jitar nan ta kusurwa, ya ɗauke kai.

Ana wannan jinya ana zuwa aiki. Auta ya koma tsakanin sifika da labule. Mutane kan miƙa wuya suna nemansa, wasu su ɗauka ya bar ƙungiyar. Yana kiɗansa daidai, ba kuskure ko ɗaya, sai dai in ya dawo gida yakan zauna da takalmi a ƙafa har sai an tuna masa. Abinci, in an ba shi ya ci. In an manta, shi ma ya manta.

Jiya da hantsi Mai Ganga ya zo da sabuwar fahimta. Ya ce shi ya gano, rashin ƙarfi ne, cajar marigayin ba ta ƙosar da shi, a ba shi wuta mai nauyi ya ji a jikinsa. Ya duba ɗakin, idonsa ya faɗa kan cajar fiyano. Shaidu sun tabbatar Babban Yaya da hannunsa ya zare ta daga bango ya miƙa. Mai Ganga ya yanke waya da haƙori, ya haɗa, ya naɗe da salatif, ya ce Auta ya matsa. Aka kunna. Fitilar marigayin ta yi wani haske da ba ta taɓa yi ba. Maganarsa ta ƙarshe ɗas ce, ba ƙarfi, kamar an karya tsinke. Sai ƙaurin roba ya cika ɗakin. Auta ya ɗauke shi da zafinsa, ya danna, ya danna, ya sa shi a kunne kamar agogo. Daga nan ya ce wa 'yan ƙungiya a ci gaba da gwaji, ya ɗauki igiya.

Da rana matar Auta ta naɗe gawar a hankici ta kai wa mai gyara, ba don tana sa rai ba, sai don ta samo hujjar da za ta kama Mai Ganga da ita. Mai gyara ya buɗe, ya shinshina, ya ce ya ƙone ƙurmus, a yi haƙuri. Yana mayar da murfi ya tambaye ta wace jita ake sa shi. Ta ce jar nan. Ya ce au, wannan. Ya nuna mata ƙarfen marigayin, ya ce ta ga baƙaƙen zobba biyu? To jita mai batir a ciki, irin wannan, bakinta ƙarfe mai zobe ɗaya yake so, shi ke tayar da batir ɗin. In aka ba ta mai biyu sai ta yi gum, ko ta yi kukan sauro. Ba ciwo ba ne, rashin dacewa ne. Ɗan guntun mahaɗi ake sawa tsakani, ga su can rataye a ƙusa. Har ta juya za ta tafi, sai ya ƙara da cewa ai ya yi wa Babban Yaya wannan bayanin, don nan ya kawo jitar a duba masa kafin ya saya, kuma abin da ya fara tambaya ke nan, ko za ta yi aiki da ɗan abin nan na ƙaninsa. Shi ya ɗauka ma zai dawo karɓar mahaɗin.

Ta dawo gida ba ta gaya wa mijinta ba. Wata dattijuwa ta samu a kicin ta gaya wa, ta ce don Allah kada ya wuce nan. Dattijuwar kuwa ta riƙe amana, ba ta gaya wa kowa ba sai Auta, shi ma don ya shigo neman ashana ne yau da safe ta ga ba kyau ya fita hannu biyu. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce to. Ya ɗauki ashanar ya fita, ba mu san me zai kunna ba, don ba ya shan komai. Wanda duk ya ji ana ta yi da Mai Ganga tun safe, ya sani ba shi kaɗai ake nufi ba. Shi ne dai wanda ake iya ɗaga wa ludayi.

Marigayin ya bar ɗan'uwansa Kunne, wanda har yanzu ke maƙale a amfilifaya yana ƙifta fitila, yana nema. An gwada rarrashinsa. Mai Ganga ya aro wani na wani kamfani, mai kama da marigayin har a baƙi, aka danna, aka jira. Kunne bai ko san an zo ba. Mai gyara ya ce ba harshensu ɗaya ba, kuma ba a sayar da irinsu ɗai-ɗai, in ɗaya ya tafi ɗayan ya zama ado. Ya bar cajarsa ta asali, wadda aka yi wa ƙazafin rowa, an kuma wanke ta yanzu da ba amfani. Ya bar kwalinsu da soson ciki mai rami biyu. Ya bar tsofaffi da yawa da suka saba a zo gabansu a yi musu kiɗa. Ya bar Auta.

Game da jana'iza, an shirya za a yi ta yau da yamma a falon nan. Za a kwantar da shi cikin sosonsa, a sa shi a durowar ƙasa ta kabad, inda magabatansa suke: rimot ɗin da ba talabijin ɗinsa, wayoyi masu kumburarren batir, da makullan da ba wanda ya san ƙofarsu. Ba kuka, ba ɗaukar hoto. Masu zuwa gaisuwa su zo da kansu kawai, kada kowa ya riƙo shawara, ita ta kai shi inda yake. An roƙi Mai Ganga ya tsaya daga baya, hannuwansa a aljihu.

Wannan shi ne shirin da aka yi. Sai dai a gafarce mu, an ɗage sai yadda hali ya yi, domin gawa ba ta gidan. Akwai kujeru, wanda ya riga ya taso ya ƙaraso. Ga yadda aka yi.

An kai daidai maganar durowa a rubutun nan, sai Babban Yaya ya duba agogo, ya gyara zama, ya ce makoki ya isa haka. Akwai aiki ranar Asabar, babban zaure, kowa ya zo da wuri, ya riga ya sa an gyara wa Auta wurinsa. Matar Auta ta sauke ludayi. Auta ya ɗago kai, karo na farko tun safe. Muryarsa ba fushi a ciki, kamar mai tambayar hanya.

"Yaya, ka je wurin mai gyara kafin ka sayi jitar?"

Yaya ya dubi matar Auta, ya dubi ƙofar kicin, ya dubi Mai Ganga wanda bai san dawan garin ba, bakinsa a buɗe. Ya ɗan kakkaɓe gwiwar wandonsa.

"Ƙungiya ake zuwa gani, Auta. Ba mutum ɗaya ba."

Auta ya gyaɗa kai kamar an gaya masa ƙarfe nawa. Ya dafa bango ya miƙe. Ya je ya zare Kunne daga amfilifaya, ya haɗa shi da gawar, ya zuba su a aljihun gaban rigarsa. Ya ɗauko jar jitar daga inda take jingine, ya goge ta da hannun riga, ya ninke maratayinta, ya ɗora ta a cinyar yayansa a hankali, yadda ake miƙa jariri. Yaya ya riƙe, don ba yadda zai yi. Ya ce Asabar fa? Matar ta kira mijinta, ta ce ko shayin ya sha. Auta ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalminsa, ya samu, ya zura. Ya fita ya bugo ƙofar, har tsirkiyoyin jar jitar suka yi ƙugi a cinyar Yaya, ba wanda ya taɓa su.